Takardar Binne Tanko

Ku 'ya'yana, na san kun taso kuna jin ana cewa ni ne na binne wanda ya kashe yayana a gefen yayana. Wasunku sun ji a bakin 'yan'uwanmu na Dukku, wasu sun tsinta a gidan biki, amma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni. Ni ma ban taɓa tara ku na yi bayani ba, domin lokacin da masu maganar ke raye ban ga amfanin ja-in-ja da su ba. Yanzu da ƙarfi ya ƙare, ina so in rubuta abin yadda ya faru, da inda aka yi mini ƙarya, da inda aka faɗi gaskiya a kaina.

A lokacin ina aikin duba-gari a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, a nan Kontagora, 'yan shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, soja ba su karɓi mulki ba tukuna. Aikinmu shiga gida-gida ne, mu leƙa randa, mu duba salga da rijiya, mu tsaya a kan mahauta a kwata. Ba aikin da ke sa a so mutum ba ne. A shekarar da nake ba ku labari sai aka ƙara mana da maƙabarta. Tsohuwar maƙabarta gari ya riga ya cinye ta, gidaje sun zagaye ta, ga rijiyoyin mutane kusa, in damina ta yi ƙarfi ruwa na bi ta kan kaburbura ya gangara unguwa. Sai aka rufe ta, aka yanki sabon fili a bayan gari, aka kafa doka. Ba binnewa a cikin gida, ba binnewa a tsohuwar maƙabarta. A sabuwar kuma layi ake bi, wanda ya rasu yau ya kwanta kusa da wanda ya rasu jiya, ba mai kama wa danginsa wuri. Gawar da ta fito daga asibiti ko gidan yari ko hannun 'yan doka kuwa, ba a karɓarta sai da takarda daga ofishinmu. Sarkin Tsafta, wato shugabanmu, ni ya damƙa wa littafin takardun, saboda ya ce hannuna ya fi kyau kuma ba na jin kunyar mutane. Wannan na biyun gaskiya ne a lokacin. Akwai wani tsohon ɗan kasuwa da ya rasu, 'ya'yansa sun haƙa masa kabari a tsakar gida har ya kai ƙugu, na je na tsaya sai da suka mayar da ƙasar. Matan gidan suna zagina ta bayan zana, ni kuwa ina ganin aikina nake yi.

Yaya Adamu shi ne babba a ɗakinmu. Tun da Baba ya rasu shi ke riƙe da gidan, shi ke noma gonarmu ta hanyar Kaboji, shi ya biya mini wahalar makaranta da dawarsa. Mutum ne mai faɗa, ba zan ɓoye muku ba, amma faɗansa ba ya kwana. Tanko kuwa maƙwabcinmu ne a unguwa kuma maƙwabcinmu a gona. Masallaci ɗaya suke salla da Yaya. Abin da ya haɗa su wata kaɗanya ce da ke kan iyaka, kowa na cewa a nasa ɓangaren take, matan gida biyu suna ta samun saɓani wajen tsintar kaɗe. Ran nan cikin damina, ana noman biyu, magana ta tashi a gindin itacen. Waɗanda suka gani sun ce Yaya ne ya fara ture shi. Tanko na riƙe da fartanya, ya kai masa guda ɗaya a ka. Tanko da kansa ya ɗauko Yaya a kafaɗa har bakin hanya yana neman mota, amma kafin a iso gari rai ya yi halinsa. Tanko bai gudu ba. A ƙofar asibiti 'yan doka suka same shi zaune.

Daga nan ne gidanmu ya fara sanin cewa gawar ɗansu ba tasu ba ce. Aka ce sai likita ya duba ya rubuta abin da ya kashe shi, likita kuwa ya tafi rangadi. Sai da Yaya ya kwana biyu a asibiti. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba, amma a wurin Inna, mahaifiyarmu, kowace sa'a da ta wuce ba a sa ɗanta a ƙasa ba, kamar ana sake kashe shi ne. Da aka ba mu shi, masu wanka suka ga ɗinkin inda likita ya buɗe shi, magana ta shiga cikin gida. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, sai dai ta ce "yayanku". Ta kira ni ɗakinta, ta ce akwai wuri kusa da Baba a tsohuwar maƙabarta, tun tuni aka bar shi, a kai shi can. Na ce mata an rufe. Ta ce ai ni ne mai rufewar.

"Isa, abu ɗaya na roƙe ka. An yanka shi, an kwanar da shi, ban ce komai ba. Ka kai shi wurin ubansa."

Na durƙusa na yi mata bayanin rijiya da ruwan damina, na ce in na yi wa namu, da wane ido zan dubi mutanen da na sa suka cike kabari. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce to, Allah Ya ba da lada. Aka kai Yaya sabuwar maƙabarta, tsakanin wata jaririya da wani baƙo da ba mu sani ba. Ni na rubuta takardarsa.

Sai maganar shari'a. Kawu Bala, ƙanen Inna, shi ya tsaya mana. A saninsa, da sanin duk tsofaffin garin, jinin wanda aka kashe a hannun danginsa yake, su ce a yi kisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Ya tara mu ya tambayi kowa, Inna da Hajara matar Yaya suka ce ba su yafe ba. Ya shirya ya tafi gaban alƙali da wannan magana. Alƙali ya karɓe shi da mutunci, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya gaya masa cewa tun da aka kawo sabuwar dokar laifuffuka, shari'ar kisa ta koma ta hukuma. Babban joji ne zai zo ya yi ta in lokacin zamansa ya yi, mu kuwa in an bukace mu za a kira mu shaida. Kawu ya dawo gida ya zauna a zaure, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ya ce shi dai bai gane ba, an kashe maka mutum, sannan a ce kai ɗan kallo ne. Haka muka yi ta jira. Aka yi girbin gero, aka shiga na dawa. Ni nake zuwa gonar Yaya ranar da ba aiki, Hajara na takaba da 'ya'ya uku, kullum in na shigo sai ta tambaye ni ko an sa rana.

Ba a kai ga sa ranar ba. Wata safiya cikin kaka na iso ofis na tarar da wata tsohuwa zaune a ƙasa a bakin baranda, ta lulluɓe da zane. Da ta ɗago na gane ta, Iya Lami ce, uwar Tanko. Tun ranar da abin ya faru ba ta ƙara bi ta ƙofar gidanmu ba, zagayawa take yi ta bayan masallaci. Masinja ya ja ni gefe ya ce Tanko ya rasu da asuba a gidan yari, ciwon ciki ya kwantar da shi kwana biyar. An ce mata in tana son gawa ta kawo takarda kafin la'asar. In ba ta kawo ba, fursunoni za su binne shi a filin bayan gidan yari, inda ake sa waɗanda ba su da kowa, ba dangi a wurin, ba alamar da za a gane kabari. Matar Tanko ta riga ta koma garinsu, ba shi da ɗan'uwa namiji a garin. Tsohuwar ba ta san cewa takardar a hannuna take ba sai da ta gan ni da littafin. Ta daɗe tana kallona. Hausarta irin ta mutanen ƙauyukan Kambari ce, a can aka haife ta, tana magana a hankali tana neman kalma.

"Malam Isa, ban zo in ce bai yi ba. Ya yi. Ni dai a ba ni in wanke abina."

Na ce ta jira. Na hau keke na tafi maƙabarta wurin Baba Ango, tsohon da ke shugabantar masu haƙa, in ga inda layi ya kai. A watannin nan layin Yaya ya cika, an juyo da sabo, kuma ramin da ke biye bai fi taku goma daga kabarinsa ba. Duk wanda ya tsaya yi wa Yaya addu'a, in ya ɗaga ido sai ya ga na Tanko. Na tambayi Baba Ango ko za a iya tsallakewa a kai shi can ƙarshen fili wajen shinge. Ya ce shi ba ya tsallake layi da ka, amma in na rubuta masa a takarda na sa hannu, zai yi. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, domin ya san sau nawa na hana wasu irin wannan.

Kafin in koma gida labari ya riga ni. Na tarar da zaure cike, Kawu Bala a tsakiya, Inna da Hajara a bakin ƙofar cikin gida. Ban taɓa ganin Inna ta fito har nan ana maganar maza ba. Kawu ya ce an hana su gawa kwana biyu sun haƙura, an hana su kabarin gado sun haƙura, an ƙwace musu haƙƙin jini sun haƙura, yanzu kuma mutumin ya mutu ba a ko yanke masa hukunci ba. Abu ɗaya ya rage da za su iya cewa a'a a kansa, shi ne kada ya shiga maƙabartar da ɗansu yake. Ya ce mu tafi wurin alƙali, na bi shi. Alƙali ya ji mu a zaurensa. Ya ce laifin Tanko babba ne, yana gaban Allah yanzu, amma Musulmi ne, kisa bai fitar da shi daga Musulunci ba, wanka da salla da kabari haƙƙinsa ne a kan jama'a. Ya ce ko a da, lokacin da jini ke hannun dangi, ba a taɓa ba su iko a kan kabari ba. A dokar En'e kuma maƙabarta ta duk mutanen gari ce. Kawu ya tambaye shi, to mu mene ne namu? Alƙali ya ce, haƙuri, da ladan da ke cikinsa. Kawu ya tashi bai yi sallama ba.

A hanya ne Kawu ya kawo dabarar da ta fi komai wahalar da ni, domin ba ta bukatar in yi ƙarya ko in karya doka. Ranar kasuwar Auna ce, kuma duba kasuwa na cikin aikina. Ya ce in sa littafin a jaka in hau mota in tafi. Kafin in dawo la'asar ta wuce, an binne shi a bayan gidan yari, ba wanda zai ce na yi laifi. Da na koma ofis na gaya wa Sarkin Tsafta halin da ake ciki, shi ma bai hana ni ba. Ya ce in na ga ba zan iya ba, in tafi Aunar, shi ba zai neme ni ba, kuma ba zai tambayi inda littafi yake ba. Ya ce in kuma ina so, in bar masa littafin shi ya sa hannu, sunana ya fita daga ciki. Hanya biyu ya ba ni, kowace ta fi wadda na bi sauƙi.

Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa ban bar masa littafin ba. Zan so in ce muku tsoron Allah ne kaɗai, amma ba haka ba ne. Akwai girman kai a ciki. Na riga na tsaya a gaban mahaifiyata na ce doka ba ta san ɗan gida ba, na kai yayana cikin baƙi saboda wannan magana. In yau na lanƙwasa ta don in huce haushi, to ranar nan ma da na iya lanƙwasa ta don Inna, ke nan na hana ta a banza. Wannan ne na kasa haɗiyewa. In kuma Sarkin Tsafta ya sa hannu, Inna za ta san da yardata aka yi, na ɓuya ne kawai a bayan wani. Sannan ga tsohuwar nan, tun safe tana wurin, rana ta iso inda take zaune ba ta matsa ba. Bayan azahar na buɗe littafin na rubuta sunan Tanko, na rubuta sabuwar maƙabarta, ban ƙara komai a kan layi ba. Na miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu ta ƙulle a bakin zane. Ba ta yi godiya ba, ni ma ban so ta yi ba.

Ga inda aka yi mini ƙarya. An ce an ba ni wani abu. Iya Lami, da ke sayar da daddawa a bakin kasuwa, ba ta da abin ba ni, kuma ban karɓi ko goro ba. An ce ni na zaɓi wurin don in nuna wa hukuma ni mai gaskiya ne. Ban zaɓa ba, layi ne ya kai can, laifina shi ne ban kawar da shi ba alhali ina iyawa. An ce na ɗauki makara. Ban taɓa ta ba. Ga kuma inda aka faɗi gaskiya: na yi masa salla. Na je ne a matsayin ma'aikaci in ga an bi ƙa'ida, sai na tarar mutanen unguwa duk sun ƙi fitowa saboda kunyar gidanmu. Daga liman sai Baba Ango da mutanensa biyu da wani gandiroba. Liman ya waiwayo ya dube ni. Na jingine keke na shiga sahu. Ina kabbara ina jin zuciyata na ƙin abin, addu'ar ma ban san ko ta fita da gaske ba. Da aka gama na tsaya a kan kabarin Yaya na ɗan lokaci, sannan na tafi gida.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Da na shiga gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Daga ranar ta daina cin abincin da aka dafa a sashena, ta koma karɓa daga gidan Kawu. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa, ta ce lafiya lau, shi ke nan. Hajara kuwa, da ta fita takaba, 'yan'uwanta suka zo daga Dukku. A al'ada yaran namu ne, ni ya kamata in riƙe su, har an fara maganar ko za ta zauna a gidan. Ta aiko Kawu ya gaya mini ba za ta bar 'ya'yan Adamu a hannun wanda ya yi wa makashin ubansu salla ba. Ina da ikon in kai magana gaban alƙali a bar mini su, kuma da na samu. Ban kai ba. Na ga an riga an yi wa matar nan hukunci da doka sau da yawa a shekara ɗaya. Suka tafi a motar kasuwa, babbansu Sani yana da shekara tara. Gonar hanyar Kaboji na ci gaba da noma musu ita, duk kaka ina aika dawarsu, ana karɓa, ba a taɓa aiko da gaisuwa ba. Kaɗanyar kuwa ba wanda ya ƙara tsintar 'ya'yanta, daga gidanmu har gidan su Tanko.

Sai da aka yi kusan shekara uku haka da Inna. Ranar sunanki, Rabi, aka kai mata tuwo kamar yadda aka saba ana dawowa da shi, sai kwano ya dawo babu komai. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba bayan nan, ni ma ban ɗaga ba. Sau ɗaya kawai, tana cikin ciwon ajali, ina zaune ina yi mata fifita, ta ce Iya Lami ta rasu ko tana nan? Na ce ta rasu bara. Sai ta ce:

"Ita ma ɗa ta haifa."

Ban sani ba ko yafewa ce, ko kuwa tunani ne kawai ya bi ta kansa. Ban tambaye ta ba, kuma ba zan ƙara mata abin da ba ta faɗa ba.

Sani yana nan da rai a Dukku, ya yi jikoki. Sau biyu na je wurinsa. Na farko ya ce ba ya nan alhali ina jin muryarsa. Na biyu ya fito ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, muka gaisa, muka yi maganar damina da farashin taki. Da na fara kawo zancen, ya ce Baba, a bar wannan. Na bari. Ina roƙonku, in kun haɗu da shi ko 'ya'yansa, kada ku ɗauki wannan rubutu ku je kuna kare ni da shi. Ku gaishe shi da girmamawa, yayanku ne. Ni an ba ni zaɓi na zaɓa, na kuma zauna da abin da ya biyo baya. Shi yana ɗan shekara tara aka kashe masa uba, kuma daga asibiti har kotu har maƙabarta, ba inda aka tambayi gidansu abin da suke so.